Tarjama, babi da fasali a bakin malaman hadisi

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya daga Zariya. Ya ce a zauren da ake karanta musu Sahihul Bukhari, malam yakan ce "ku lura da tarjamar babin nan", alhali bai fassara komai ba. Shin tarjama ba fassara ba ce?

Malam, a Hausar yau da kullum haka take. Amma a wurin masu hadisi, tarjama ita ce 'yar maganar da mai littafi yake ɗorawa a kan babi kafin ya jero hadisai, wato kanun babi. Shi kuwa babi asalinsa ƙofa ne a Larabci. Mu mun riƙe kalmarmu ta ƙofa, mun ari babi don karatu kawai, har muna cewa an rufe babin magana.

Malaminku yana da dalilin tsayawa a nan. Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ba ya yawan bayyana ra'ayinsa a fili, a kanun yake saka shi. Shi ya sa malamai ke cewa fiƙihun Bukhari yana cikin tarjamominsa. Hadisin niyya da ya buɗe littafin da shi ya zo a wurare 7, kowane wuri da hukuncin da ake son cirowa. Imam Muslim kuwa ya tara hanyoyin hadisi a wuri guda bai sa kanu ba. Kanun da aka fi gani a bugun littafinsa na yau na Nawawi ne, malamin da ya yi wa littafin sharhi. Abu Dawuda da Tirmizi sun fara da tsarki, Muwaɗɗa Malik da lokutan salla, Musnadin Ahmad kuma bai bi maudu'i ba sam, sahabi bayan sahabi ya jera. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wata 'yar'uwa kuma ta tambaya ko fasalin littafi shi ne na "ba shi da fasali". Tushensu ɗaya, kalmar Larabci mai nufin rarrabewa. Abin da aka rarrabe shi daki-daki ya sami tsari, daga nan Bahaushe ya kai kalmar ga sura da kyan shiri. A cikin Bukhari ma akwai inda za ki ga an rubuta "babi" kurum ba kanu, Ibnu Hajar, malamin da ya yi wa Bukhari sharhi, yakan ce wannan kamar fasali ne na babin da ya gabace shi.