Fom ɗin neman farashin inshorar gida: me za a tambaya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni wakilin inshora ne a Kano, mu uku ne a ofis. Duk wanda ya kira yana neman farashin inshorar gida sai in ce ya turo bayani ta WhatsApp. Wani ya turo saƙon murya na minti huɗu, wani hoton ƙofar gida kawai. Ina son fom a intanet da mutum zai cike da wayarsa. Da me zan haɗa shi, kuma me zan tambaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haɗa fom ɗin ba wuya, ranka ya daɗe. Google Forms kyauta ne, yana buɗewa a ƙaramar waya ko sabis ya yi rauni, kuma yana jera amsoshi a Google Sheets, kowane mutum da layinsa. Akwai Jotform da Microsoft Forms, amma ofishin mutum uku ba ya bukatar wuce na farkon tukuna. Inda aikin yake shi ne zaɓen tambayoyi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko takardar da kamfani ke bai wa wanda ya riga ya yanke shawarar saye, mai shafi huɗu ko biyar, a juye ta dukkanta cikin fom. Wanda ke tambayar farashi bai kai nan ba. Kamar mai tsaye ne a bakin shago yana taya kaya, kuma da babban yatsa ɗaya yake rubutu, wataƙila a cikin adaidaita sahu. Ka tambaye shi abin da ke canza farashi kawai, sauran ka bari sai kun yi waya.

Tambayar farko: mai gida ne ko ɗan haya? Ita ce ke raba hanya, domin ɗan haya kayansa zai yi wa inshora, ginin na wani ne. A Google Forms, idan tambaya ta zaɓi ce, ɗigo ukun da ke ƙasanta na ba ka damar tura mai amsa zuwa sashe daban gwargwadon abin da ya zaɓa. Da haka ɗan haya ba zai ga tambayar rufi da harsashi ba.

Mai gida kuwa ka tambaye shi da me aka yi ginin, bulo ko ƙasa, rufin kwano ne ko na kankare, hawa nawa, kuma akwai mutane a ciki ko a kulle yake. Sannan abubuwan da ke kawo gobara a gidajenmu: janareto da inda ake ajiye mansa, baturan sola, tukunyar gas, shago a jikin gida da abin da ake sayarwa a cikinsa. Gidan da ake sayar da fetur a jarka a ƙofarsa ba ɗaya yake da na maƙwabcinsa ba, ko da magini ɗaya ya gina su. Ka sa tambaya ɗaya a kan ruwa: ya taɓa shiga gidan, a wace shekara? Tun da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a watan Satumbar 2024, ga kuma ambaliyar Mokwa a watan Mayun 2025, mutane sun fara tambayar ambaliya da kansu, kuma sau da yawa ƙari ce da ake ɗorawa a kan inshorar gobara, ba a cikinta take ba. Ka bar masa akwatin zaɓi: gobara kaɗai, ko da ambaliya, ko da sata. Haka nan ko takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, yake so ko inshorar da aka saba, domin a Kano wannan tambayar na iya zama ita ce cinikin gaba ɗaya.

Tambayar kuɗi ita ce ta fi ruɗa mutane. Idan ka rubuta "Nawa ne darajar gidanka?" zai ba ka kuɗin da dillali zai sayar da shi, har da fili. To fili ba ya ƙonewa. Abin da kake nema shi ne kuɗin sake gina shi a farashin siminti da rodi na yau. Rubuta hakan ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin tambayar, kuma ka bar masa zaɓin "a zo a kimanta", don kada ya ƙirƙiro adadi.

Adireshi kuma, kar ka kwaikwayi fom ɗin Turawa mai tilasta lambar gida da lambar gidan waya. Jiha, ƙaramar hukuma, unguwa, sai fili ɗaya na kwatance, irin "bayan masallacin Juma'a". Daga baya ya turo maka wurin ta WhatsApp.

Abubuwa biyu za su ba ka haushi idan ban faɗa ba. Google Sheets na ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, sai ya cinye sifirin farko; ka roƙi mai cikewa ya bar tazara bayan lambobi huɗu na farko. Na biyu, da zarar ka sa wurin ɗora hoto, Google zai tilasta wa kowa shiga asusunsa kafin ya cike fom ɗin, kuma da yawa sun manta kalmar sirrinsu tun ranar da mai shagon waya ya buɗe musu. Ni dai zan bar hoto sai an yi magana.

Kar ka nemi BVN, ko lambar katin banki, ko hoton takardar mallakar fili a wannan mataki. Abin da ka tara ma ya isa haɗari: jerin gidaje ne da kwatancensu, da kayan da ke ciki, da waɗanda ba kowa. Ɓarawo ba ya neman fiye da haka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora maka nauyin sanar da mutum abin da za ka yi da bayanansa, don haka ka sa akwatin amincewa a ƙarshe. Ka buɗe asusun Google na ofis daban da naka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma kar ka mai da takardar amsoshi ta buɗe ga duk mai mahaɗinta. Ka kunna sanarwar imel, ka rubuta a saƙon godiya cewa cike fom ba inshora ba ne, gidan bai shiga kariya ba sai an biya an karɓi takarda.

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka. Na cike fom ɗaya na neman farashin inshorar gida, tun daga ranar wayata ba ta huta ba. An yi min kutse ne?

Amsa: Da wuya, 'yar'uwa. Alama ta nuna shafin da kika cike ba na kamfanin inshora ba ne, na masu tara sunayen masu nema ne su sayar wa wakilai da yawa. A ƙasan maɓallin turawa akwai ƙananan rubutu da ke cewa kin yarda abokan hulɗarsu su kira ki, kuma wannan yardar na buɗe musu ƙofa ko da lambarki na cikin rajistar hana kiran talla ta FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka. Duk wanda ya kira, ki ce ya cire ki daga jerinsu. Saƙon tes kuma ki mayar da kalmar dakatarwa da suka nuna a ƙarshensa. Nan gaba ki shiga shafin kamfanin kai tsaye, ko na wakili mai lasisin jiharku. Idan ya kira, ki tambaye shi batun ambaliya, domin inshorar gida ta yau da kullum a can ba ta biyanta. Daban ake saye, galibi ta shirin gwamnatin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa, kuma yawanci sai bayan kwana 30 take fara aiki.