Manhaja ɗaya ka nema, me ya kawo sauran?

Jiya ka ce min: "Oga, VLC kaɗai na ce a saka a Ubuntu, sai apt ya jero wasu abubuwa rututu yana jiran in amince. Ko ƙwayar cuta ce?" Ba cuta ba ce, yaro; aikin apt ke nan, shi ne mai saka manhajoji a Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Jawo kujera ka zauna.

VLC, manhajar kallon bidiyo, ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Tagar da kake gani da Qt, kayan gina tagogin manhaja, aka gina ta, yawancin bidiyon kuma laburaren FFmpeg, wato guntayen manhaja da wasu manhajoji ke aro, ne ke warware su. Wanda ya haɗa ƙunshin VLC, wato fayil ɗin da ake saka ta da shi, ya rubuta a cikinsa cewa yana buƙatar wane da wane, daga siga kaza zuwa sama. Su ma waɗannan suna da nasu abin jingina, haka har a gangaro kan laburaren libc6, wadda kusan kowa ke kanta. Apt ne ke bin wannan salsala, ya duba abin da ke cikin na'urar, ya ɗebo abin da babu daga rumbu, wato ma'ajiyar manhajoji ta intanet, ya jera wanda zai riga wani shiga.

Kada ka ɗauka apt ɗaya yake da dpkg, wanda shi ma yana saka ƙunshin manhaja. Shi dpkg abin da ka miƙa masa kawai yake sakawa. In wani abu ya yi ƙaranci sai ya ce babu kaza, ya bar maka aikin rabi da rabi. Wannan wahalar ce apt ya zo ragewa, tun da ya shiga Debian 2.1 a 1999 (Debian ne tsarin da aka gina Ubuntu a kansa). Don haka in an kawo maka fayil na .deb, wato ƙunshin manhaja, a filasha, rubuta apt install ./ sannan sunan fayil ɗin. In ka riga ka yi ɓarna da dpkg, apt --fix-broken install zai cike giɓin. Kuma apt update tukuna, kullum, don kada ya yi ta neman sigar da aka riga aka cire daga rumbu.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin hannunka wajen danna Y. Jerin nan ba ado ba ne. Yana gaya maka megabait nawa za a sauke, datarmu kuwa da kuɗi muke saye. In ta yi ƙasa, --no-install-recommends zai bar waɗanda ba dole ba. Sannan akwai layin da ke cewa REMOVED, wato abubuwan da za a cire. Shekarun baya na ƙara wani baƙon rumbu a laftof ɗin wani kwastoma, sigogi suka yi karo, apt ya ga mafita ita ce ya cire allon aikin, wato fuskar tagogi da gumaka, gaba ɗaya. Ya faɗa min ƙarara, ni ne ban karanta ba. Da na sake kunnawa sai baƙin allo, mutumin kuma da safe yake da aiki. A shago na kwana ranar.

Laftof ɗin da ke kan benci kai za ka yi ta gobe. In jerin ya fito, cire hannunka daga madannai, ka kira ni, ka karanta min shi layi-layi.