Amsa ga ƙanwarmu da aka turo wa jerin "kurakuran" Littafi Mai Tsarki

Salama a gare ki ƙanwata, da dukan 'yan'uwa a wannan zaure. Na karanta tambayarki. Abokin karatunki a jami'a ya turo miki dogon jeri na wuraren da ya ce Littafi Mai Tsarki ya saɓa wa kansa, da wuraren da ya ce kimiyya ta ƙaryata shi, kin rasa amsa, har abin ya fara hana ki barci. Kin kawo shekarun Ahaziya, mutuwar Yahuza, mala'ikun kabari, jemage da zomo, kwatarniyar Sulemanu da ƙidayar Kiriniyas. Ni malamin ilimin halittu ne a sakandare, na kuma daɗe ina koyar da matasa a majami'armu, don haka irin wannan jeri ya sha zuwa hannuna. Wasu da suka riga ni amsawa sun ce ki share saƙon ki yi addu'a kawai. Addu'a kam ki yi, amma ban goyi bayan sharewa ba. Na ga matasan da aka hana su tambaya, tambayar ta dawo musu daga baya a lokacin da ba su da wanda za su tuntuɓa.

Ƙarfin jerin nan a yawansa yake. An tara abubuwan da ba irinsu ɗaya ba, an jero su a jere don mai karatu ya ruɗe. Idan kika rarrabe su za ki ga kowane iri da amsarsa, kuma ba duka ne za ki musanta ba.

Mu fara da sarki Ahaziya, domin a nan ne nake so ki fi natsuwa. Ki ɗauko Littafinki da biro. A 2 Sarakuna 8:26 an ce yana da shekara 22 sa'ad da ya hau gadon sarauta. A 2 Tarihi 22:2, rubutun Ibrananci da wasu tsofaffin fassarori sun ce 42. Yanzu ki koma baya kaɗan zuwa 2 Tarihi 21:20. Mahaifinsa Yehoram ya ci sarauta yana da shekara 32, ya yi mulki shekara 8. Ki rubuta su ki haɗa. Ya rasu yana da 40 ke nan. Ɗa ba zai girmi ubansa da shekara biyu ba. Ashe littafin Tarihi da kansa ya nuna 42 ba daidai ba ne, hannun wani mai kwafi ne ya kuskure. Wasu tsofaffin kofe na fassarar Girkanci da kuma fassarar Suriyanci 22 suke ɗauke da shi, shi ya sa fassarori da yawa na yanzu suke sa 22 su yi bayani a ƙasan shafi. Haka zancen rumfunan dawakin Sulemanu yake, 40,000 a 1 Sarakuna 4:26, 4,000 a 2 Tarihi 9:25. Mutumin da 1 Sarakuna 10:26 ta ce karusansa 1,400 ne, 4,000 ne ya dace da shi.

Ki faɗa wa abokinki haka kai tsaye: i, a nan mai kwafi ya yi kuskure. Kada ki ji tsoron wannan kalma. Kafin injin Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki wajen 1455, da hannu ake kwafarsa, mutum ya zauna da alƙalami yana duban wani kofe, ƙarni bayan ƙarni. Bangaskiyarmu a kan abin da Allah ya ba annabawa da manzanni take. Ba a taɓa yi mana alkawari cewa idon kowane mai kwafi ba zai gaji ba. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne yadda ake gano kuskuren. Kofen Sabon Alkawari na Girkanci da aka rubuta da hannu sun haura 5,000, daga ƙasashe da zamanai dabam-dabam, ana kwatanta su da juna. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da cikakken littafin Ishaya wanda ya girmi kofen Ibrananci da aka sani a lokacin da kusan shekara 1,000. Da aka kwatanta, yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan abubuwa, saƙon yana nan yadda yake.

Bari ma in gaya miki wasu biyu tun kafin shi ya kawo miki su. Markus 16:9-20 ba ya cikin manyan kofe biyu na ƙarni na 4 da ake kira Sinaiticus da Vaticanus. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, shi ma ba ya cikin kofe mafi tsufa. Ba maƙiyan bishara ne suka tono wannan ba, masanan Kirista ne suka rubuta shi a ƙasan shafi don kowa ya gani. Tashin Yesu daga matattu kuwa bai dogara ga ƙarshen Markus ba. Yana cikin Markus 16:6, yana cikin sauran bisharu, yana cikin 1 Korantiyawa 15.

Zancen mala'ikun da aka gani a kabarin Yesu wani iri ne dabam. Matiyu ya ambaci mala'ika ɗaya, Markus saurayi ɗaya sanye da farar tufa, Luka mutum biyu, Yahaya mala'iku biyu. Saɓani na gaske shi ne wani ya ce abu ya faru, wani ya ce bai faru ba. Matiyu bai ce ɗaya ne kaɗai ba, ya ambaci wanda ya yi magana. Duba kuma inda su huɗun suka haɗu: ranar farko ta mako, da sassafe, an kawar da dutse, Maryamu Magadaliya tana wurin. Mata ne shaidun farko, a al'ummar da masanin tarihinta Yosifus ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mace. Mai ƙaga labari don a yarda da shi ba zai fara da su ba. Tun wajen shekara ta 170 wani mai suna Tatiyan ya narkar da bisharun huɗu ya mai da su labari ɗaya, aka daɗe ana karanta shi a Suriya, amma a ƙarshe ikilisiya ta riƙe huɗun kowacce da muryarta. Da ɓoye bambanci ake so, da ba a yi haka ba.

Mutuwar Yahuza Iskariyoti, wanda ya ci amanar Yesu, kuma, Matiyu 27:5 ta ce ya rataye kansa, Ayyukan Manzanni 1:18 ta ce ya faɗi cikinsa ya fashe. Tun dā masu sharhi suna cewa gawar ce ta faɗo daga inda ya rataye. Hakan yana iya yiwuwa, amma ki ce masa bayani ne mai yiwuwa, kada ki ce ayar ce ta faɗa. Duka biyun sun haɗu a kan mugun ƙarshe, da kuɗin cin amana, da filin da aka sa wa suna Filin Jini.

Yanzu fannina. Littafin Firistoci 11:13-19 ya sa jemage a ƙarshen jerin tsuntsaye, alhali a kimiyya dabba ce mai shayarwa. Ki karanta surar duka. An raba dabbobi bisa inda suke yawo: na tudu, na ruwa, masu tashi sama, masu rarrafe. Bayan jemage ma sai aka shiga ƙwari masu fiffike. Rabe-raben da nake koyarwa a aji ya samo tushe ne daga Carl Linnaeus ɗan Suwidin a ƙarni na 18, yana duban shayarwa da ginin jiki. Musa yana gaya wa makiyayi abin da zai ci da wanda ba zai ci ba. Zomo kuwa, aya ta 6 ta ce yana tuƙa, amma gaskiya ba shi da tumbi mai ɗakuna huɗu irin na saniya. Wasu 'yan'uwa sukan kare ayar da cewa zomo yakan fitar da wani kashi mai laushi ya sake cinyewa don abinci ya bi cikinsa sau biyu. Wannan gaskiya ne, amma ni na fi gamsuwa da amsa mai sauƙi. Ki tsaya gaban kejin zomo ki duba bakinsa. Muƙamuƙin ba ya hutawa, yana motsi gefe da gefe kamar mai tuƙa. Dokar tana magana da abin da ido ke gani, tana cewa ko ka gan shi yana haka, kofatonsa ba a rabe yake ba, kada ka ci.

Kwatarniyar tagulla ta 1 Sarakuna 7:23 ba ta buƙatar dogon zance. Faɗinta kamu 10, kewayenta kamu 30, ƙorafin kuwa shi ne a lissafi kewaye ninkin faɗi ne sau kusan 3.14, ba sau 3 ba. Ki raba 30 da 3.14, za ki sami kusan 9.55, wanda duk mai awo da kamu zai kira 10. Mai haƙar rijiya ma idan kika tambaye shi faɗin bakinta, kamu kaza zai ce miki, ba ya kawo ɗigo.

Akwai wanda ya fi waɗannan nauyi, ba kuma zan rage masa nauyi ba. Luka 2:2 ta haɗa haihuwar Yesu da ƙidayar jama'a ta zamanin Kiriniyas, gwamnan Roma a Suriya. Yosifus ya sa ƙidayar Kiriniyas a shekara ta 6 miladiyya, alhali Hirudus Babba, wanda Matiyu ya ce a zamaninsa aka haifi Yesu, yawancin masana tarihi sun ce ya mutu a shekara ta 4 kafin miladiyya, wato kusan shekara goma kafin ƙidayar. Wasu masana suna karanta ayar da ma'anar ƙidayar da ta gabaci ta Kiriniyas. Wasu suna ganin ya riƙe wani muƙami a yankin tun da fari. Wasu kuma, har da Kirista, suna ganin Luka ya haɗa lokutan ne. Masana ba su tsaya a kan amsa ɗaya ba, kuma haka za ki faɗa masa. Abin lura dai shi ne Luka ya san ƙidayar shekara ta 6, ya ambace ta a Ayyukan Manzanni 5:37 tare da tawayen Yahuza Bagalile.

Haƙuri da irin wannan yana da dalili. An daɗe ana cewa Belshazzar na Daniyel 5 ƙage ne, domin tarihi ya san Nabonidus ne sarkin Babila na ƙarshe. A 1854 aka tono rubuce-rubuce a Ur masu ambaton Belshazzar ɗan Nabonidus, daga baya wasu suka nuna shi ya riƙe mulki sa'ad da uban yake Tema a ƙasar Larabawa. Sai aka fahimci abin da ya sa matsayi na uku a mulkin Belshazzar ya yi wa Daniyel alkawari. A 1961 aka sami dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya, a 1993 aka sami rubutu a Tel Dan mai ambaton gidan Dawuda. Waɗannan ba su tabbatar da tashin matattu ba, kada ki ɗora musu abin da ba su ɗauka ba. Sun dai nuna cewa shirun tarihi yau ba hukunci ba ne.

Abin da ya fi damuna ba jerin abokinki ba ne, amsoshin da mu kanmu muke yaɗawa ne. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp cewa kwamfutar NASA ta gano ranar da ta ɓace a zamanin Joshuwa ƙarya ne, ina roƙon 'yan'uwa a daina tura shi. Yaron da ya gina bangaskiyarsa a kan irin wannan, ranar da ya gano ƙarya ne sai ya zargi sauran duka. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi gargaɗi a sharhinsa na littafin Farawa cewa abin kunya ne mai haɗari wanda ba Kirista ba ya ji Kirista yana shirme a kan taurari da halittu da sunan Nassi, domin daga nan ba zai yarda da Littafin a kan tashin matattu ba. Shi kansa bai ɗauki kwanakin Farawa 1 a matsayin kwanaki irin namu ba, ƙarni goma sha huɗu kafin littafin Darwin na 1859 a kan juyin halitta. Ikilisiya ta yi kuskure da ta hukunta masanin taurari Galileo a 1633, mu amsa haka. Mu kuma tuna cewa wanda ya kawo lissafin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, Georges Lemaître ɗan Beljiyam, limamin Katolika ne. Har yau masu bi na gaske sun bambanta a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta, ba kuwa wanda wannan ya fitar daga cikin Almasihu.

Game da abokin naki, kada ki yarda ki amsa abu talatin a zama ɗaya. Ki ce ya zaɓi ɗaya da ya fi damunsa, ku buɗe surar ku karanta daga farko har ƙarshe tare. Sau da yawa za ki tarar shi ma turo masa aka yi, bai taɓa buɗe wurin ba. Kada ki raina shi don haka, kada kuma ki mayar da martani da zagin abin da ya gaskata ko abin da bai gaskata ba. 1 Bitrus 3:15 da ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa, a wurin ne kuma aka ce a yi da tawali'u da ladabi. Idan ya kawo wanda ba ki bincika ba, ki ce ya ba ki mako guda. Ki nemi Littafi Mai Tsarki mai bayani a ƙasan shafi, ki kuma kai wa fastonku ko wani da ya yi makarantar tauhidi. Sauran abubuwan da ke jerin, ki riƙa turo su nan ɗaya-ɗaya tare da sura da aya, mu bi su tare.