Ferrari 308 da ta daɗe a ajiye: a saya ko a bari?

Malam, ka ce an yi maka tallar Ferrari 308 GTB ƙirar 1978, wadda ta shekara takwas a gareji ba a tayar da ita ba, kuma ƙarancin tafiyarta ne ya ja hankalinka. A ganina, zaman nan shi ne babban abin tsoro.

Injinta mai silinda takwas yana aiki da bel na roba da ke daidaita motsin bawul, kuma roba tana tsufa ko motar ba ta motsa ba. Idan bel ɗin ya tsinke inji na juyawa, fistin zai daki bawul, gyaran kuwa sai an buɗe inji. Kada ka yarda mai motar ya tayar maka da ita don ka ji ƙararta kafin a canza bel ɗin. Sauƙin 308 shi ne ana canzawa inji na cikin mota, saɓanin Ferrari Testarossa ta 1984 da akan sauke injinta.

Daga nan sai tiyon fetur, wanda idan ya tsage kusa da kafiretocinta huɗu na kamfanin Weber yakan jawo gobara. A duba tsatsa a ƙasan ƙofofi, domin bayan 1977 jikinta na ƙarfe ne.

Mutane kan ruɗu da ƙyallin fenti su manta da takardun gyara. Ka nemi makanikin da ya saba da tsofaffin Ferrari ya ɗaga ta ya bincika, lambobin inji da na jiki kuma Ferrari Classiche, sashen kamfanin mai kula da tsofaffin motoci da ke Maranello a Italiya, ne ke tantance su.