Amsa: Wace gasar kambun duniya ta darar ces ce ta fi daɗewa?

Ɗan'uwa ka tambayi wacce ta fi daɗewa, ai ta Karpov mai riƙe da kambun da Kasparov mai ƙalubalantarsa ce a Mosko, an fara a Satumba 1984, doka ita ce wanda ya riga cin wasa 6 shi ke da kambu. Karpov yai ta lallasa yaron nan har 5 da 0, saura ɗaya tak fa, sai Kasparov ya kafe yai ta janyo kunnen doki, a hankali ya ci 3. Wasa 48 suka buga, 40 canjaras, sai Campomanes, shugaban FIDE (hukumar darar ces ta duniya) a lokacin, ya tsayar da gasar a Fabrairu 1985 wai sun gaji, wallahi ni ina ganin an tauye Kasparov. Da aka sake karawa a 1985 ya ƙwace kambun yana shekara 22.