Sabis ya ƙaurace wa ƙauyenmu: in rabu da layin ko in ƙara haƙuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayen riɗi da zoɓo ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da layi ɗaya, shi dillalai suka sani, shi na ba banki. Tun farkon damina sabis ɗinsa ya lalace, in zan yi kira sai na hau tudun da ke bayan masallacin Idi. Ga shi na sayi data ta wata uku, kuma in ta ƙare da kansu suke cirar kuɗi su sabunta. Makon jiya wani ya turo min kuɗin buhu shida, alat bai shigo ba sai bayan kwana biyu, har muka yi sa-in-sa da mutumin da ban taɓa samun saɓani da shi ba. Ina so in rabu da su. Za su maido min da kuɗina? Lambata kuma fa?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Na cire sunan kamfanin daga wasiƙarka, don kukan da ka yi ana yin irinsa da kowannensu, ƙauye ne kawai yake bambanta.

Bari in fara kwantar maka da hankali. Irin layin da ke hannunka, wanda sai ka sa kati kake kira, ba wata yarjejeniya da ta ɗaure ka. Ba ka sa hannu cewa sai ka shekara da su ba, ba kuma tarar da za ka biya in ka tafi. Abin da ke tatsar ka shi ne sabuntawar nan ta kai-tsaye, kuma yau za ka iya tsayar da ita. Ka hau tudun naka, ka kira 300, lambar kula da masu hulɗa ce ta duk layukan ƙasar nan, ka ce a kashe maka ita. Ka ga saƙon tabbaci ya shigo kafin ka sauko.

Kuɗin data kuwa, gara in faɗa maka gaskiya: kada ka sa rai sosai. Da wuya su mayar da tsaba. Amma ka shigar da ƙorafin, ka faɗi sunan ƙauyenku da watan da abin ya fara, ka ce su ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta a littafin da kake rubuta awo. In suka yi shiru, ka kira 622, layin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambayar ka. Hukumar ce ta amince wa kamfanonin ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, saboda haka ba roƙo ka je yi ba. In kun kai ku goma ko ashirin a garin kuka kira a mako guda, ya fi kiran mutum ɗaya nauyi. Sabis ɗin da ya shekara goma lafiya sannan ya mutu rana ɗaya, galibi eriyar da ke ba ku ce ta samu matsala: man janareto ya yanke, ko an sace batura, ko tsawa ta taɓa na'ura, ko masu aikin hanya sun datse wayar da ke binne. Duk ana gyara su, in an matsa.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni aron kunnenka. Kada ka jefar da lambar nan. Layin da aka bari wata da watanni ba kira ba kati, kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani, sai alat ɗinka na banki ya riƙa sauka a wayar baƙo. Tun watan Afrilun 2013 aka ba kowa dama ya koma wani kamfani da lambarsa yadda take, ko sifili ba za a canza ba. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa, ko wakilinsu mai izini, da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da wayar da tsohon sim ke ciki. Ka cike takarda, ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim. Yawanci ba ya wuce awa 48, kuma ba a biyan kuɗin sauyin.

Sai dai akwai ƙaya a hanyar. Katin da ya rage maka da datar nan ta wata uku ba za su bi ka ba, nan za ka bar su, don haka ka ƙarar da abin da za ka iya. In ka ci bashin kati, ka biya tukuna. Sunayen da ke kan sim ka sa yaro ya kwashe maka su zuwa cikin waya. Babbar ƙayar kuwa ita ce rajista: mutanenmu da yawa layinsu da sunan ƙani ko ɗa ko wani mai shago aka yi masa rajista shekarun baya. In sunan da ke kan layin bai yi daidai da na NIN ɗinka ba, za a ƙi, ka yi asarar kuɗin mota a banza. Kuma don Allah kada ka yi wannan aiki ranar Laraba, gobe kasuwar Maigatari. Ka bari sai an ci kasuwa.

Kafin duk wannan, gwaji. A nan na taɓa yin kuskure. Mahaifiyata tana wani ƙauye a ƙasar Ringim, wayarta ƙarama tana rataye cikin safa a reshen darbejiyar tsakar gida, don nan kaɗai sanda biyu na sabis ke fitowa a allon. In ta yi ƙara sai jikoki su yi ta ihun "Inna, waya!", ta taso daga madafi tana goge hannu a zane, ta amsa a tsaye ba tare da ta sauko da ita ba. Abin ya dame ni. Na ji wani ɗan acaba yana yabon wani layi a tasha, ban yi wata-wata ba na kai ta birni na sauya mata. Muka dawo gida, ko a darbejiyar ma babu. A tasha layin yake da ƙarfi, mu kuwa muna kwari, tafiyar rabin awa daga kwalta. Kuma doka ba ta barin wanda ya sauya ya koma nan take, sai ya jira makonni. Tsawon lokacin nan ta wayar maƙwabci nake gaishe ta, har yau in muka yi waya sai ta ce, "Mai gyara, ya aiki?"

Saboda haka ka ari wayoyin maƙwabta masu wasu layuka, ka gwada su a inda kake rayuwa: cikin ɗakinka, bakin sikeli, rumbun da kake ajiye kaya. Ka gwada da asuba, ka gwada bayan magariba lokacin da kowa ke kan waya, ka gwada ranar da hadari ya haɗo. Kada ka tsaya ƙirga sanduna, ka yi kira na gaske, ka duba asusunka na banki ka ga ko zai buɗe.

Ƙananan dabaru biyu kafin nan. Idan babbar waya gare ka, ka shiga saiti ka mayar da ita 2G lokacin kira. Sau da yawa a ƙauye ya fi 4G kaiwa nesa. Sannan ku na kusa da iyaka, wani lokaci waya kan kama layin Nijar da kanta. Ka duba sunan da ke saman allo, in baƙo ne ka zaɓi naka da hannu.

In gwajin ya nuna duk layukan jirgi ɗaya ya kwaso su, ka bar lambarka inda take, ka sayi sabon sim na wanda ya ɗan fi dama-dama ka sa a rami na biyu don data. Shi kuma mai buhu shida, ka same shi ranar Alhamis ka nuna masa ranar da alat ɗin ya shigo, ku sha fura ku shirya.