Amsoshin Wasiƙunku: Kafin a Sayar da Sa a Biya Kuɗin Karatun Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Tun da aka fara sayar da fam ɗin JAMB wasiƙu suka yi mini yawa, kuma kusan rabinsu a kan karatun kula da masu larurar ƙwaƙwalwa ne. Na ji daɗin haka, domin aikin da na ƙare ƙuruciyata a cikinsa ke nan. Ga waɗanda na zaɓa wannan makon.

Wata uwa daga Ƙaura Namoda ta ce: "Anti, ɗiyata ta kafe sai ta zama nas ta masu taɓin hankali. Dangin babanta sun ce mai zama da mahaukata ƙarshensa shi ma ya taɓu, kuma ba wanda zai aure ta. Barci ya ƙaurace mini."

Hajiya, kwantar da hankalinki. Ciwon ƙwaƙwalwa ba ƙyanda ba ne, ba a ɗaukarsa. Na yi aiki da mata da yawa a ɗakin waɗannan marasa lafiya, sun yi aure, sun haihu, wasu har sun aurar da jikoki. Yarinyar da ta ga mutum a halin da kowa ke gudunsa ta ji tausayi ya kama ta, Allah ya ba ki ɗiya ta gari, ki riƙe ta da kyau.

Hanya biyu ce. Ko ta shiga kwalejin jinya, irin ta Gusau, ta ci jarrabawar majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta zama nas mai rajista, daga baya ta ƙara karatun ƙwarewa na jinyar ƙwaƙwalwa a makarantar da ke jikin babban asibiti irin na Kware a Jihar Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna. Ko kuma ta yi digirin jinya na shekara 5 a jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo, da shekara guda ta sanin makamar aiki. Ko wacce za ta bi, sai da kiredit 5 a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik. In ɗaya ya faɗi, kuɗin da za ki fara kashewa na sake WAEC ko NECO ne. Kada ki ba kowa ko sisi da sunan zai "gyara" mata sakamako.

Wani saurayi daga Argungu: "In na karanta saikoloji, zan riƙa gane abin da ke zuciyar mutane, kuma za a ce mini dokta?"

A'a, duka biyun. Gaibu na Allah ne. Saikoloji ilimin halayyar ɗan Adam ne, shekara 4, akwai lissafin ƙididdiga a ciki, kuma digirin farko kaɗai ba ya ba ka damar duba marar lafiya sai ka ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti. Jami'ar Jos ta daɗe tana koyar da shi. In rubuta magani kake so, sai karatun likita na shekara 6, da shekarar horo, da bautar ƙasa, sannan wasu shekarun na ƙwarewa. In kuma sunan kawai kake so, ka bar wa masu son aikin gurbin.

Wani magidanci daga Bagudo ya rubuto doguwar wasiƙa. Taƙaicenta: wani dillali ya ce zai samo wa ɗansa digirin "kula da lafiyar ƙwaƙwalwa" daga wata jami'a a Kwatano cikin wata 9, ba sai yaron ya zauna a can ba. Yana shirin sayar da shanun nomansa biyu ya biya. Yana tambaya ko farashin ya yi daidai.

Alhaji, don Allah kada ka kai shanun nan kasuwa. Ba maganar tsada ko araha ba ce, abin da za a miƙo maka ɗin ne ba shi da amfani. Ku da ke bakin iyaka kun fi kowa jin labarin nan. A watan Disamba na 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba, har ya samu shiga bautar ƙasa da shi. Da shigowar Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Akwai makarantu na gaskiya a can, ban musa ba, amma makarantar gaskiya ba ta aiko dillali ya ce yaro ya yi zamansa a gida.

Kuma ba na ƙetare kaɗai ba. Nan cikin garuruwanmu za ka ga an kama shago biyu a saman bene, an rataya allo, an ɗinka wa yara fararen kaya, an ce kwalejin lafiya ce. Ga na waya kuma, masu tallar "difloma" ta wata 3 a WhatsApp da Facebook, wai kana gamawa ka zama mai warkar da damuwa. Iyaye suna sayar da gero da raguna suna zubawa. Sai yaro ya gama, ya je neman lasisi, a duba a ce sunan makarantarsa ma babu shi a littafi. Na ga yarinyar da ta yi shekara 3 a irin wannan wuri, ta zo da takardarta a leda tana kuka, babu abin da zan iya yi mata sai dai in ce ta koma farko.

Asarar kuɗin ma da sauƙi a kan ɗaya ɓarnar. Wata rana aka kawo mana wani matashi, wuyansa ya sandare ya karkace gefe guda, idanunsa sun kafe sama, harshe a waje. Mahaifiyarsa na salati, ƙanen uban na cewa iska ce ta tashi, a mayar da shi gida a ɗaure. Ashe wani mai irin wannan takarda ne ya ba shi maganin ƙwaƙwalwa mai ƙarfi fiye da kima, da abin ya faru kuma ya ce musu wannan ba na asibiti ba ne. Duk nas ɗin da ta yi karatu na gaskiya ta san illar magani ce. Likita ya sa aka yi masa allura ɗaya, kafin a kira la'asar yaron yana zaune yana shan fura. Wannan sanin ba ya zuwa ta waya. Sai ka tsaya a ɗakin marasa lafiya wata da watanni, babba yana kallon hannunka yana gyara maka.

Masu taɓin hankali su ne suka fi kowa rauni a hannun ɗan damfara, domin in sun yi ƙorafi ba mai yarda da su. Mun ga abin da aka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ne don a kare mutuncinsu. To wane mutunci ya rage in wanda zai duba su sayen takardarsa ya yi?

Alhaji, abin da za ka yi ba ya cin ko kuɗin akuya. A duba sunan jami'a da na kwas ɗin a jerin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC. In jinya ce, a duba ko majalisar jinya ta amince da makarantar. Gurbin karatu ya fito ta JAMB, yaron ya gan shi da idonsa a shafinsa. Kuɗi kuma asusun makaranta ake biya, ba asusun wani mutum ba, ko da ɗan garinku ne, ko da tare kuke sallah. In kuɗin ne ya gagara a jami'ar gwamnati, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ya nema. Shanu su yi maka huɗar bana.

Wata ɗaliba daga Birnin Kabi tana tambaya ko ta sayi sabuwar kwamfuta da na'urar awon jini tun kafin a ba ta gurbi. Ɗiyata, ba a ɗinka rigar suna kafin haihuwa. In kin shiga, kwamfuta ta hannu mai batir mai kyau ta ishe ki, ki gwada ta a shagon ki ga awa nawa take yi babu wuta. Sauran kaya makaranta za ta faɗa miki lokacinsu.

Na ƙarshe, wani malamin firamare daga Anka. Ya ce yaran da suka gudo daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga suna firgita a aji, wasu sun daina magana, wasu manyan sun faɗa shan ƙwaya. Shekararsa 38, yana da NCE, yana son karatun da zai taimaka musu da shi amma yana jin ya makara.

Malam, wasiƙarka ta taɓa ni. Ba ka makara ba, kuma kai ake nema. Tun daga ɗaliban Jangebe da na Birnin Yawuri da aka sace a 2021 zuwa yaran da ba wanda ya ji sunan ƙauyensu, waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba sun fi ƙarfin likitocin ƙwaƙwalwar da ƙasar nan take da su, waɗanda ƙungiyarsu ta sha cewa ba su kai 300 ba. Da NCE ɗinka kana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ka karanta jagoranci da ba da shawara, a tsangayar ilimi ake yinsa. Kada ka ajiye aikinka, ka nemi hutun karatu ko tsarin da ake yi lokacin hutun makarantu. Sai dai ka san iyakarka tun yanzu: za ka saurari yaro, ka zauna da iyayensa, amma ba za ka ba da magani ba. Yaron da ya daina cin abinci, ko yake maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, kada ka jira digiri, ka sa a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau cikin makon nan, in da hali ka raka su.